Rashin Sani Uzuri Ne? Tsokaci a Kan Gubar Dalma da Yaran Maƙera

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na ga ya kamata in kawo ta wannan fili namu domin mu haɗu mu duba ta, tunda masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya cuci wani alhali bai san ya cuce shi ba, shi kuma wanda aka cutar bai san an cuce shi ba, shin akwai laifi a nan? In kuwa akwai, to a wuyan wa yake? Mai karatu zai iya cewa ai wannan zancen 'yan boko ne waɗanda suka ci suka ƙoshi. To, a yi mini haƙuri a ji abin da ya haifar da ita.

Ni mazaunin Maƙera ne, a kudancin kogin Kaduna. Duk wanda ya san wannan yanki ya san cewa gumi ne ya gina shi. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, sauran masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, mutane suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suna kama ɗakunan haya a Maƙera da Kakuri da Nasarawa. Da masaƙun suka durƙushe, ita KTL ta rufe a 2002, sai da yawa daga cikin magidanta suka koma ƙananan sana'o'i: wannan ya kama acaba, wancan walda, wani fenti, wani sayen gwangwan, wani gyaran batir. Sunan unguwar ma kansa sunan wurin sarrafa ƙarfe ne.

A layinmu an yi wani bawan Allah mai gyaran batirin mota. Shagonsa a zauren gidan da yake haya yake. Nakan tsaya in kalle shi yana aiki: ya fasa tsohon batir, ya tsiyaye ruwan a kwata, ya zaro farantan ciki, ya ɗora wani baƙin gwangwani a kan gawayi ya narka dalma har ta yi ƙyalli kamar azurfa, sannan ya zuba ta ya gyara kan wani batirin. 'Ya'yansa ne ke kawo masa abinci, su zauna nan ƙasa suna wasa da 'yan ɓarɓashin da suka zuba, ƙaramin cikinsu yana rarrafe yana kai hannu baki. Mutumin nan ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba, kuma da kuɗin wannan gwangwani yake biyan haya da kuɗin makaranta. Sai ga ɗansa na biyu ya taso ba ya riƙe karatu, ba ya iya zama wuri ɗaya. A makaranta ana ce masa daƙiƙi, a gida uban ya ɗauki bulala, don a ganinsa yaron ya raina wahalar da ake sha a kansa. Ba a taɓa auna jinin yaron nan ba, domin babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa akwai abin aunawa, har suka tashi daga unguwar. Sai bayan shekaru, ranar da na karanta irin ɓarnar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, gabana ya faɗi, na tuna da gwangwanin nan da bulalar nan.

Mece Ce Dalma?

Dalma ba baƙuwarmu ba ce. Ƙarfe ne mai laushi da nauyi, mai saurin narkewa. Da ita masu like ke toshe kwanon da ya huje, ita masunta ke ɗaura wa koma don ta nutse, ita ce cikin batirin mota da na babur da wanda muke ajiyewa a ɗaka saboda wutar sola. Akwai ta a cikin wasu fentoci, musamman na mai masu kalar rawaya da ja, domin tana sa launi ya fito, fenti ya bushe da wuri. Dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a yi kwalli, shi ma mafi yawansa dalma ce.

Jikin ɗan Adam ba shi da wani amfani da zai yi da ita ko ƙanƙani. Tana shiga ta baki ko ta hanci, a matsayin ƙura ko hayaƙi, sai jiki ya ɗauke ta tamkar sinadarin nan na kalsiyam da ke gina ƙashi, ya kai ta jini da ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya adana sauran a ƙashi da haƙora na shekaru masu yawa. Idan yarinya ta girma da ita a ƙashinta, ranar da ta sami ciki sai dalmar ta sake fitowa cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba zai tsotsa daga dalmar da aka haɗiya, abin kuma ya fi muni ga yaron da ba ya samun isasshen abinci mai gina jiki. Ga shi kuwa yaro shi ne mai rarrafe a ƙasa, shi ne mai tsotsar yatsa, shi ne mai ɓamɓarar fentin bango ya kai baki.

In ta yi yawa ƙwarai takan kawo amai da jijjiga da suma, har da mutuwa. In kuwa kaɗan ce, a nan ne makircinta yake, domin ba zazzaɓi, ba ƙuraje, ba kumburi. Yaro na gudunsa yana dariyarsa, alhali ana rage masa kaifin fahimta da natsuwa, kuma abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Saboda haka ne masana suka tsaya a kan cewa babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. A 2020 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, tare da ƙungiyar Pure Earth, sun ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato har kimanin miliyan 800, yana ɗauke da dalma a jininsa gwargwadon da ya kamata a tashi tsaye.

Abin da Aka Gani a Kaduna

Kada mai karatu ya zaci labarin wata ƙasa nake kawowa. A 1997 an buga sakamakon wani bincike da Farfesa Jerome Nriagu, ɗan Nijeriya da ke koyarwa a lokacin a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya yi tare da abokan aikinsa a kan yaran garin Kaduna 'yan shekara ɗaya zuwa shida. Ana auna dalma ne da ma'aunin maikirogiram a cikin kowane kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Matsakaicin abin da suka samu a jinin yaran shi ne 10.6, kuma kashi 2 cikin ɗari sun haura 30. Don a gane nauyin wannan lamba, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa 10 a matsayin iyakar damuwa a 1991, ta sauko da ita zuwa 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021. Ke nan yaron Kaduna na tsaka-tsaki a wancan lokaci yana ɗauke da ninki uku na abin da a yau zai sa likitan can ya aika a binciki gidan su yaro.

Abin da ya fi ba ni mamaki a binciken shi ne, yaran da abin ya fi alaƙa da su su ne waɗanda iyayensu ke da mota, da waɗanda gidajensu ke bakin titin kwalta. Dubi wannan al'amari! Mota a ƙofar gida da kwalta a gaban gida su ne abin da kowane magidanci ke roƙo, su ne shaidar cewa ya ci gaba. Ashe a wancan zamani fetur ɗin da muke sha akwai dalma a cikinsa, kowace salansa tana fesa ta a iska, ta sauka a ƙasa, ta shiga ɗaki da ƙura, ta sauka a kan ƙosai da awarar da ake soyawa a bakin titi. Duk wanda ya san cunkoson titin Kachiya a shekarun da masaƙu ke tashin ma'aikata, ya san irin hayaƙin da yaran wannan yanki suka shaƙa. Waɗannan yara su ne matasa da magidantan yau.

An daina zuba dalma a fetur, gaskiya ne. Amma dalma ba ta ruɓewa kamar ganye. Wadda ta sauka a ƙasar bakin titi tana nan, in hunturu ya zo iska ta tashe ta. Ga tsohon fentin gidajen haya da ke ɓarɓashewa, ga masu fasa batir a cikin unguwa, ga masu ƙona tarkacen wayoyi da rediyo don su ciri tagulla. Tushe ɗaya aka toshe, saura suna nan.

Misalin Taka Ƙafa

Yanzu bari mu koma ga tambayarmu. A ce kana cikin cunkoson kasuwa, ka taka ƙafar wani ba ka sani ba. Babu mai hankalin da zai ce kai azzalumi ne. Amma fa rashin saninka bai hana ƙafar yin zafi ba. Da zarar kuwa mutumin ya ce, "Malam, ka taka ni," to uzurinka ya ƙare a nan take. In ka ɗaga ƙafa ka ba da haƙuri, an wuce wurin. In ka ci gaba da tsayuwa kana cewa ai ba da gangan ka fara ba, to ka tashi daga mai kuskure ka koma mai zalunci, ko da yake ƙafarka ba ta motsa daga inda take ba. Abin da ya sauya shi ne sani.

Daga wannan misali nake ganin ya kamata mu raba abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa, wato laifi da ɓarna. Rashin sani yana iya ɗauke wa mutum laifi, amma ba ya ɗauke ɓarnar da ta auku, kuma ɓarna tana neman mai gyara ta. To, matsalar dalma ita ce wanda aka taka ba ya iya magana. Jariri ne. Ko da ya girma ma ba zai ce komai ba, domin bai san irin basirar da aka haife shi da ita ba, balle ya san abin da aka rage masa. Wanda aka sace wa akuya ya san garkensa ya ragu, zai yi cigiya. Wanda aka sace wa fahimta tun yana goye, shi da kansa zai yarda cewa haka aka halicce shi. Idan haka ne, nauyin cewa "ka taka shi" ya koma kan wanda yake tsaye a gefe yana gani. Alhaki yana bin sani, yana kuma bin iko: gwargwadon abin da ka sani da abin da kake iya yi, gwargwadon kason da ke wuyanka.

In muka auna da wannan ma'auni, za mu ga mutane sun kasu kashi huɗu.

Kashi na farko shi ne wanda bai sani ba, kuma ba shi da hanyar sani. Misalinsa uwa ko kaka da ke ranbaɗa wa jariri kwalli don idonsa ya yi kyau ya yi lafiya, kamar yadda ta ga an yi mata. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, da aka bi sawu sai aka tarar daga kwallin da aka kai daga gida ne, aka auna shi aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Wa zai ɗaga murya a kan wannan uwa? Ƙauna ce ta sa ta, kuma da ta sani da ba ta yi ba. Ita ba ta da laifi, amma tana da haƙƙin a gaya mata.

Kashi na biyu shi ne wanda ya sani, ko ya fara zargi, amma talauci ya ɗaure masa hannu. A nan dole mu tuna da Zamfara. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, wadda aka fi sani da MSF, ta lura da yawan sababbin kaburburan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe farashin zinariya ne ya tashi, maza suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su da injin niƙa, su kuwa duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta rufe tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma bincike ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, jimillar waɗanda suka rasu a jihar kuwa ta kai 400 ko fiye. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. A wata unguwa kuma ta bayan birnin Dakar a Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008, su kuwa sanadinsu fasa tsofaffin batura ne, irin dai sana'ar maƙwabcina. Mutumin da noma bai riƙe shi ba, ya ga dutse na kawo masa abin da gona ba ta taɓa kawowa ba, in ka ce masa ya bari, zai tambaye ka me yaran za su ci. Wannan yana da nasa kason, domin ko ba komai yana iya fitar da aikin daga cikin gida, ya wanke jiki, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Sai dai kasonsa bai kai na waɗanda ke sama da shi ba.

Kashi na uku shi ne wanda ya sani, yana da iko, amma ya zaɓi riba ko ya yi shiru. Illar dalma ga yara ba jiya aka gano ta ba. Tun 1904 wani likita mai suna Lockhart Gibson a Ostareliya ya nuna cewa fentin baranda ne ke sa wa yara guba. A 1921 aka ƙulla yarjejeniya a Janiba ta taƙaita amfani da farin fentin dalma a cikin gidaje, amma Amurka ba ta hana shi a gidajenta ba sai 1978. A wannan shekara ta 1921 ce kuma wani injiniyan kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa zuba dalma a fetur na hana injin mota ƙwanƙwasa. A 1924 ma'aikata biyar suka haukace suka mutu a wata matatar da ake haɗa sinadarin a jihar Niyu Jasi, amma aka ci gaba da sayarwa. Amurka ta gama hana shi a motocinta a 1996. Mu ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sai farkon 2006 muka gama rabuwa da shi, duniya baki ɗaya kuwa sai 2021, da Aljeriya ta sayar da ragowar nata. Waɗanda suka ci gaba da sayar mana da abin da suka hana 'ya'yansu, da waɗanda suka ci gaba da saye da sunanmu, ba za su ce ba su sani ba. Haka nan garin Bagega na Zamfara: an san ƙasarsa ta gurɓata tun da wuri, an san maganin shi ne a kankare ƙasar tsakar gidaje a zuba sabuwa, domin ba a yi wa yaro magani a mayar da shi cikin gubar, amma kuɗin aikin bai fito ba sai 2013. Kowane wata na wannan jira, a jikin yara aka biya shi.

Kashi na huɗu, wanda nake jin yawancinmu muna ciki, shi ne wanda ba ya son ya sani. Mai gidan haya da ya ga fenti na zuba amma bai tambaya ba, don kada amsar ta ci masa kuɗi. Mai sayar da fenti da bai taɓa tambayar kamfani abin da ke cikin gwangwani ba. Malamin makaranta da ya fi sauƙi a gare shi ya ce yaro daƙiƙi ne. Ni kaina da na tsaya ina kallon dalma na ƙyalli a gwangwani, ina sha'awar gwanintar mai aikin, ban taɓa tambayar ina hayaƙin yake zuwa ba. Rashin sanin da mutum ya zaɓa wa kansa don ya huta, wannan ba uzuri ba ne. Wanda ya rufe idonsa da hannunsa ba zai kai ƙarar duhu ba.

Abin da Za a Iya Cewa

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ya kamata a saurare su. Wani zai ce ai komai ƙaddara ce, yaron da aka rubuta zai yi basira zai yi. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma mu ɗin nan, Musulminmu da Kiristanmu, ba ma barin rijiya a buɗe a tsakar gida mu ce in an rubuta yaro zai faɗa zai faɗa. Muna rufe ta, muna ɗauke wuƙa daga gabansa, muna janye shi daga murhu. Bambancin dalma da rijiya shi ne ita ba a ganinta, shi ke nan. Kiran sakaci da sunan ƙaddara hanya ce ta sauke kaya a inda ba a isa a yi mana gardama ba.

Wani kuma zai ce, kakanninmu sun sa kwalli sun yi like, ga mu nan lafiya lau. Amsa ita ce ba mu da awon da za mu gwada, domin babu wanda ya ga irin mutanen da za mu zama in da babu ita. Ban da haka, kakanninmu ba su zauna a bakin kwalta ba, ba su kwana ɗaki ɗaya da batir ba.

Na uku zai ce, ga yunwa, ga zazzaɓi, ga rashin tsaro, wa ke da lokacin wata guba da ba a gani? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Sai dai a duba: yaron talaka ba shi da gona ba shi da jari, abin da zai fita da shi daga talauci ƙwaƙwalwarsa ce kawai. Dalma kuwa ita take taɓawa, kuma ta fi kama yaron da ke jin yunwa. Ashe ke nan ba wata matsala ce daban da talauci ba, igiya ce da ke ɗaure talauci daga uba zuwa ɗa. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kasonmu Mu Marubuta

To, 'yan uwana marubuta, ina muka tsaya? Mu ne masu tsayuwa a gefe a kasuwar nan. Rahoton 1997 da Turanci aka rubuta shi, a mujallar masana da ake bugawa a Turai, kuma maƙwabcina mai batir ko a mafarki ba zai gan shi ba. Ilimin da bai iso harshen mai buƙatarsa ba, a wurinsa daidai yake da babu. Littattafanmu kuwa suna shiga har ƙuryar ɗaki, ana karanta su a rediyo, matan aure na karɓar aro daga hannu zuwa hannu. Muna da hanyar da farfesa ba shi da ita.

Ba ina nufin mu mayar da ƙagaggun labaranmu takardar asibiti ba. Labarin da ya koma wa'azi tsantsa ba mai karanta shi. Amma mun saba rubuta kishiya mai zuba guba a abinci, domin muguntarta a fili take, mai sauƙin rubutawa ce. Wanda zai gwada alƙalaminsa da gaske, ya rubuta uba nagari wanda sana'ar da yake ciyar da ɗansa da ita ce ke cutar da ɗan, ya nuna mana ranar da ya gane, da abin da ya yi bayan ya gane. Kuma mu yi hattara da yadda muke sa daƙiƙin yaro a labari don a yi dariya, tunda yanzu mun san cewa wani daƙiƙancin yi masa aka yi.

Abubuwan da za mu isar kuwa ba masu wuya ba ne. Kada a fasa batir ko a narka dalma a gidan da mutane ke kwana. Mai irin wannan aiki, da mai fenti da mai walda, ya sauya tufafi ya yi wanka kafin ya shiga cikin iyali, kada kuma a haɗa wankin kayan aikinsa da na yara. A wanke wa yaro hannu da sabulu kafin ya ci abinci. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a kankare tsohon fenti a bushe yara na wurin, in za a sayi sabo a nemi wanda ba dalma. A daina sa wa jarirai kwallin dutse. A ba yaro abin da ya samu na wake da zogale da nono da lemo, domin cikin da ya ƙoshi bai cika tsotsar dalma ba. Sauran aikin, wato auna jinin yara a asibitoci, da sa ido a kan masu yin fenti, da ware wa masu batir wuri nesa da gidaje, na hukuma ne, kuma tunatar da hukuma shi ma aikin alƙalami ne.

Kammalawa

Amsar tambayata dai ita ce: rashin sani uzuri ne, amma uzuri ne mai wa'adi, yana ƙarewa ranar da sani ya zo, kuma tun farko ba ya rufe wanda ya guje wa sanin da gangan. Maƙwabcina ban ɗora masa laifin gwangwani ba. Abin da ke damuna shi ne bulalar, domin in har dalma ce ta taɓa yaron nan, to an cuce shi sau biyu: an rage masa, sannan an doke shi saboda ragin. Kuma a duk layin nan babu wanda ya fi ni yawan karatu.

Kai ma mai karatu, daga yau ka fita daga kashi na farko. Akwai mai batir a layinku, akwai jaririyar da za a sa wa kwalli gobe da safe. Ka je ka faɗa musu, cikin ladabi da girmamawa, ba da sigar zargi ba, domin ba su yi laifi ba tukuna. Allah Ya tsare mana zuri'armu, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani.